Shekarar da Tukwanen Aji Huɗu Suka Yi Bindiga

Daga Boɗinga har Shagari, ka ratsa Danchadi ka leƙa Horo Birni, in ka samo malamin zane da aikin hannu da ya kama ƙafata, zo in ba ka hulata da babur ɗina, ni in koma gida a ƙasa. Ni ne na zana albasa a allo, 'yan aji uku suka ɓarke da hawaye gaba ɗayansu, sai da aka buɗe tagogi. Ni ne na zana ƙwaryar fura wata Laraba, ƙudajen gari suka yi sallama da mahauta suka tare a ajina. Sunan yanka Isah, amma in ka shiga Boɗinga kana cigiyar Malam Isah, mutum goma za a nuna maka. Ce Malam Kala. Ko akuya ta san ni, kuma za ku ji dalili.

Wannan shi ne karatun da nake biya wa 'yan majalisa bayan la'asar. Ku kuwa da aka turo mini daga kwaleji ku koyi aikin malanta, gaskiyar zan gaya muku, domin na ji hirarku jiya a gindin darbejiya. Kun ce wai darasin zane hutu ne: a raba wa yara takarda, a ce kowa ya zana abin da ya ga dama, malam ya sami benci ya yi ta latsa waya har a buga ƙararrawa. Madalla da ku. Ni ma da wannan tunanin na shigo sana'ar.

Ranar da na fara shiga aji, a wata firamare da ke gefen Horo Birni, na ɗauki alli na ce yau yaran ƙauye za su ga hannu. Na zana raƙumi. Na yi masa tozo, na ja masa wuya har kusa da saman allo, na ja da baya na karkata kai ina kallonsa kamar yadda manyan masu zane ke yi. Sannan na juyo na ce, "Wa zai gaya mini ko mene ne wannan?" Hannuwa suka tashi kamar zangarniyar gero. Na nuna wani mai ƙwala-ƙwalan idanu a layin gaba. Ya miƙe ya ce, "Buta ce, Malam." Na ce a dai sake dubawa da kyau. Wata yarinya daga baya ta ce, "Butar ce dai, Malam, ƙafafu aka yi mata."

Ashe duk abin nan akwai mai kallona ta taga. Malam Bube ke nan, tsohon malamin aikin hannu na makarantar, wanda saura masa shekara biyu ya ajiye alli. Da aka tashi tara ya kira ni gindin bishiya ya ce, "Yaro, wa aka aiko makaranta, kai ko su?" Na ce su. Ya ce, "To me ya kai hannunka cikin aikinsu? Malamin aikin hannu, nasa hannun a aljihu yake zama. Na yaro shi ke aiki. Kuma butar nan taka, ko alwala ba a yi da ita."

Shekara biyu na yi ina bin sa kamar jela. Aikin farko da ya ba ni, burushi arba'in, kuma ba na kanti ba. Muka je bakin gona muka yanko ɗanyen asuwaki, aka daddaka bakin kowanne a kan dutse har ya yi gashi. Dakawa ake yi, ba taunawa ba, don yaro in ya ga an tauna, shi ma taunawa zai yi har darasi ya ƙare. Wannan na shafe ne. Na siririn layi kuwa, gashin jelar akuya ake yankowa, a ɗaure da zare a bakin sillen kara, a ɗiga ƙaro a maɗaurin. Ni aka ɗora wa farautar jela. Har yau in na bi ta Horo Birni, awaki zama suke yi a kan wutsiyarsu sai na wuce.

Kala kuwa a tukunya ake samunta, ba a gwangwani ba. Ɓawon albasar nan da ake sharewa a zubar a kasuwar Boɗinga, tafasa shi ka ga ruwan ƙasa mai ɗan haske. Karan dafi da 'yar kanwa ya ba ka ja. Kurkum rawaya, bular wanki shuɗi. Baƙi kuwa, ka kankare gindin tukunyar gidanka, amma ka nemi izinin mai tukunyar tukuna, ni na san abin da na gani. Kowace kala sai an sa mata jiƙaƙƙen ƙaro, in ba haka ba tana bushewa ta kaɗe kamar gari. Takarda buhun siminti ne: a ɓare shi falle-falle, a kaɗe, a danne da dutse har ya miƙe. Darasin minti arba'in, kwana biyu ake dafa shi. Wanda ya shigo aji hannu rabbana, sai murmushi, yara sittin za su koya masa zane a jikin rigarsa.

Rabon kaya ma ilimi ne. Rukuni-rukuni, gwangwanin madara ɗaya a tsakiya. Kada ka kuskura ka ajiye wa rukuni ɗaya ja da shuɗi da rawaya lokaci guda, kafin ka juya sun haɗe su, aji gaba ɗaya ya koma zana kududdufi. Kada ka ba yaro reza. Ka san mai shanye ƙaro, kowane aji akwai shi, ka zaunar da shi inda idonka ke kaiwa. Ka san mai cewa "ban iya ba" tun bai taɓa ba. Wannan kada ka ba shi takarda, fitar da shi ya fara zane da tsinke a ƙasa, inda kuskure ke gogewa da tafin ƙafa. Kuma ka rage minti goma na wanke hannu, don masu cinikinmu biyu ne: yaran da ke aji, da iyayen da ke gida suna jiran riga.

Wannan na koye shi ne ranar da wani bawan Allah ya zo da ɗansa a hannun dama, farar rigar makaranta a hannun hagu, ta sha karan dafi tun daga wuya har ƙasa. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Malam, makaranta na kawo shi ko marina?" Tun daga ranar kowane yaro da tsohon buhunsa, an huda tsakiya ya zura kai.

Akwai kuma taswirar yankinmu da muka yi da hatsi a kan kwali: gero hanyar mota, dawa gonaki, wake gidaje. Ƙaro ya ƙare, na yi dabara na dama koko muka manna da shi, muka shanya a baranda. Kafin a idar da azahar awaki sun cinye Shagari, kaji sun tsince Boɗinga, sai ɗan gefen Danchadi muka ƙwato a bakin wani bunsuru. Malam Bube bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Abin da ka manna da abinci, abinci ne."

Amma duk waɗannan wasan yara ne in aka gwada da shekarar tukwane. Lokacin Malam Bube ya daɗe da yin ritaya, ni kuma an mayar da ni wata makaranta a yankin Danchadi. Na yi shekaru, na yi tumbi, na fara jin babu sauran abin da za a koya mini. Farkon zangon rani hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, amma ba ya kwana-kwana. Ya ce, "Malam Kala, iyaye sun kawo kuka. Sun ce 'ya'yansu ba su iya raba goma gida biyu ba, amma sun iya ɓata riga. Ƙarshen zangon nan akwai taron iyaye. In ba su ga amfanin darasinka da idonsu ba, darasin nan naka na Alhamis lissafi za a ba. Kai kuma ka koma malamin motsa jiki."

Ku dubi cikin nan nawa, ku ce motsa jiki. Ni da ko ɗaure takalmi sai na yi shawara. Ban da haka kuma, darasin da aka cire daga jadawali ba ya dawowa. Na ga makarantun da aka yi wa haka, yaro ya gama aji shida bai taɓa ƙera ko cokali da hannunsa ba.

Sai na yi tunani: manomi ba ya ganin amfanin abin da aka liƙa a bango. A ba shi abin da zai ɗauka ya jujjuya, ya zuba ruwa a ciki. Tukwane! 'Yan aji huɗu su sittin ne, kowa ya gina tasa, a gasa, a yi musu ado, ranar taro kowane uba ya koma gida da tukunyar ɗansa. Ban taɓa gasa tukunya ba, amma na karanta a kwaleji, shafi ɗaya da rabi, har da hoto.

Muka ɗebo yumɓu daga fadama, kusa da masu albasa, amalanken jaki biyu. Na jiƙa shi, na tace shi da rariya, na fitar da duk wata tsakuwa da ɗan haki, har ya yi sumul kamar man shanu. Ina cikin yaba kaina sai wata yarinya mai suna Ige, 'yar shiru-shiru da ke zama kusa da taga, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, kakata in za ta yi gini, tana daka fasassun tukwane ta zuba a ciki, da ƙaiƙayi." Na ce, "Kakar taki wace kwaleji ta yi?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su. Ku riƙe wannan dariyar, za mu dawo kanta.

Yara suka gina. Kun san hannun yaro: gindin tukunya kaurin ganuwa, baki kamar takarda. Na jera su a baranda, rana ta dake su kwana huɗu, suka yi fari suka ƙame. Na sa ranar gashi, Alhamis da safe, saura kwana goma sha biyu taro.

Ranar Laraba da hantsi sai ga wata tsohuwa 'yar firit ta shigo makaranta. Inna Kulu ce, kakar Ige, maginiyar tukwane, wadda kusan duk randar da ke yankin ta bi ta hannunta ko ta hannun uwarta. Ta gaishe ni, ta leƙa ajin ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta tsuguna gaban tukwanen. Ta ɗauki ɗaya ta manna a kuncinta, kamar mai duba zazzaɓin jinjiri. Ta ajiye, ta ɗauki wata.

"Malam, an ce gobe za ka sa musu wuta."

"In sha Allahu, Inna."

"Wagga tukunya sanyi gare ta. Duk wadda ka aza ga kunci ka ji sanyi, ruwa na nan cikinta, bayan ɗai ya bushe. Maida su inuwa su yi kwana goma, ana juya su. Kuma mi ka zuba ma yumɓun?"

"Ba komai, Inna. Tsantsarsa ne, sai da na tace shi."

"Ka tace?" Ta dube ni tun daga hula har takalmi. "Koko za ka damawa? Ɗana, sabuwar tukunya ba ta tsayawa gaban wuta sai da tsohuwa cikinta."

Na gyara hula na ce, "Inna, wannan na zamani ne. A littafi yake."

Ta miƙe tana kaɗe zane. "To, littafin shi zo shi tsaya kusa ga wutar. Ɗiyan mutane dai a janye su nesa."

Cikin duk maganarta wannan ta ƙarshe kaɗai na ɗauka, kuma ita ce ta sa har yau nake da aiki.

Alhamis da safe na jera tukwane sittin a bayan makaranta, na lulluɓe su da karan dawa da busasshen kashin shanu, tuli ya fi ni tsawo. Na tsayar da yara can bakin katanga. Maginan gaske, daga baya na sani, da 'yar wuta suke farawa, su ɗumama tukwane sannu-sannu. Ni kuwa na cinna ta kusurwa huɗu lokaci guda, don a ga aikin ilimi. Wuta ta tashi, na juya ina yi wa yara bayani, hannu ɗaya a ƙugu. Ban kai ƙarshen magana ba na ji tau! Na ce, "Kada ku damu, kara ne." Sai tau! Tatau! Fau! Tukwane suka shiga yin bindiga ɗaya bayan ɗaya, har da masu yi bibbiyu. Wani tsingaro, wato ɓallin tukunya, ya wuce ta saman hulata yana kuka kamar usur. Jakin mai amalanken da ya ɗebo mana yumɓu ya tsinke igiya, an ce sai a Shagari aka kamo shi. Direbobin tashar Boɗinga sun rantse sai da kowa ya sauka ya duba tayarsa. Wannan kuna iya ragewa. Abin da ba ragi a cikinsa shi ne iyaye mata da suka fito daga gidaje a guje, wasu ba takalmi, kowace tana kiran sunan ɗanta.

Ba wanda ya ƙwarzane, alhamdu lillahi. Da toka ta huce muka tona. Cikin sittin, guda ɗaya ya fito da ransa: wani ɗan kasko siriri, ja jawur. Na Ige ne. Ashe ta bar yumɓuna mai kama da man shanu, ta ɗebo na kakarta a leda ta gina da shi. Sauran yara suka tsaya a kan toka, kowa yana tono da tsinke yana neman tasa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Hedimasta ya zo ya tsaya, ya dubi tulin, ya dube ni, ya ce, "Malam Kala, ka fara koyon tsalle."

Da la'asar na sayi goro na nufi gidan Inna Kulu. Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na tsuguna, tumbi ko ba tumbi. Tana gina randa, ba ta ɗago ba sai da ta kai zagaye. Sannan ta ce, "Littafin ya yi magana. Har nan munka jiyo."

"Inna, na yi kuskure. A taimake ni. Ko za a sake ginawa?"

"Kwana nawa ya rage?"

"Sha biyu."

"Ɗiban yumɓu, da gini, da shanya, da gashi? Ba ya isa. Tukunya ba ta san taro ba. Ina tsingaron?"

"Na ce gobe a share a zubar."

"Kul! Ko guda kada a yar. Jiya na leƙa ɗakin da ɗiyanmu ka zama ciki. Simintin ya hwashe, rami ko'ina, bara har kunama ta harbi ɗan maƙwabcina nan ciki. Kai kana ta manna takarda ga bango, ba ka duban ƙasa. Daɓe za mu yi."

Ku 'yan zamanin tayil ba ku san daɓe ba. Kafin siminti, haka mata ke yi wa ɗaki ƙasa: a shimfiɗa jar marmara da laka, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi, wani katako mai faɗin baki, har ƙasa ta haɗe ta yi tauri, sannan a shayar da ita makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Masu gwaninta kuma su jera tsingaro a kai su yi ado kafin bugun ƙarshe. Na taɓa gani a ɗakin kakata ina yaro, na manta da shi sarai, don ba ya cikin shafi ɗaya da rabin nan.

Washegari na fara da abin da ya wajaba: na tsaya gaban aji na ce wa Ige kwalejin kakarta ta fi tawa. Sannan aka mayar da karatu gindin bishiya, yara suka shiga tsintar tsingaro. Ashe wutar haukan da na hura ta yi abu ɗaya mai kyau: ba ta ci su daidai ba, wasu sun fito ja, wasu baƙi, wasu ruwan toka. Inna Kulu ta koya musu gwaji: a ƙwanƙwasa, mai ƙara a ajiye, mai muryar mura a daka a zuba a laka. Ta ƙara mana da fasassun randunan da ke jibge a gidanta. Kowane rukuni ya zana adon da yake so da gawayi a buhun siminti, wasu suka ɗauko na jikin ƙwarya, wasu na zayyanar allo. Na kawo shawarar a sa raƙumi a tsakiya. Aji ya yi tsit. Ashe labarin butar ya riga ni zuwa Danchadi. Na mayar da hannuna aljihu, inda Malam Bube ya ce ya zauna.

Sai ga rigima: rukuni takwas, ɗaki ɗaya, kowa na cewa an ci masa gefe. Yaran da aka ce ba su iya raba goma gida biyu ba suka samo igiya, suka auna ajin tsawo da faɗi, suka ninka ta, suka sake ninkawa, suka kafa tsinke, har kowa ya sami rabonsa daidai, don ba mai yarda a cuce shi ko da taki ɗaya. Hedimasta na bakin ƙofa yana kallo. Ni kuwa na yi kamar ban gan shi ba, amma na ƙara ɗaga murya ina cewa, "Yawwa, ku auna da kyau!"

Ranar Asabar Inna Kulu ta zo da mata bakwai, kowace da madaɓinta. Ni kuwa aka ba ni muƙamin da ya dace da ilimina: ɗebo ruwa. Daɓe shan ruwa gare shi kamar raƙumin gaske. Jarka biyu a bayan babur, daga famfo zuwa aji, daga aji zuwa famfo, har babur ya fara tari irin na tsofaffi. In na tsaya zan ba da shawara sai in ji, "Malam, ruwa!" Yara na jera tsingaro bisa zanensu, mata na durƙushe a jere suna bugu hannu ɗaya, tim, tim, tim. Kuma mai daɓe ba ta bugu ba waƙa. Nan take suka ƙago tawa: wai malamin boko ya hura wuta, tukunya ta ga wuta ta yi fiffike. Yara na amshi. Ni ma da na ga ba mafita, na riƙa amsawa daga kan babur.

Kwana uku ana bugu, a bar ƙasa ta sha iska, a sake bugu. Sannan makuba, sau biyu. Ƙasa ta yi duhu-duhu tana sheƙi, ja da baƙi da ruwan toka suka fito raɗau a kanta. Aka rufe ƙofa sai ranar taro.

Ranar taro iyaye suka cika makaranta, yawancinsu da fuskar zuwa shari'a, don labarin bindiga bai huce ba. Hedimasta ya gama jawabi ya ce a je a ga aikin aji huɗu. Na buɗe ƙofa. Na gaba wani dattijo ne manomin albasa, wanda ya fi kowa kuka da darasina. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya tsaya. Ya dubi ƙasa. Ya sunkuya ya tuɓe takalminsa. Ba wanda ya ce a tuɓe, amma duk wanda ya biyo baya sai ya tuɓe, har takalma suka taru a ƙofar aji kamar ta masallacin Juma'a.

Dattijon ya tsuguna ya shafa da tafin hannu. Ya ce, "Rabona da ganin irin wanga tun ɗakin tsohuwata. Wa ya yi shi?" Sai yara suka ɓarke, kowa na jan rigar ubansa. "Baba, nan namu ne!" "Baba, wannan baƙin gindin tukunyata ne, ga shaidar yatsana!" Ɗan dattijon ya nuna masa yadda suka raba ɗakin da igiya, shi kuwa ya sa shi ya maimaita, yana bin layin da ido. Sannan ya juya ga hedimasta ya ce, "Ranka shi daɗe, in wanga shi ne aikin Alhamis, a bar musu Alhamis ɗinsu. Amma a yi muna rai, kada a sake ba Malam ashana."

Hedimasta ya ce an bar darasi, kuma har yau yana nan a jadawalin makarantar. Ni kuwa da na ga iska ta juyo, sai na hau baranda na gyara babbar riga. Na ce, "Jama'a, abin da ba ku sani ba, duk a cikin tsari yake. Fasa tukwanen nan shi ne matakin farko na darasin. Ai ba a samun tsingaro sai an fasa." Na ɗan dakata ina jiran tafi.

Inna Kulu na zaune gefe cikin mata, kaskon Ige a cinyarta. Ko murya ba ta ɗaga ba, amma kowa ya ji.

"Ai gaskiya, Malam ya yi aiki. Tun da nike ban ga mai ɗaukar jarka kamatai ba. Baɗi in Allah ya kai mu, a bar mishi ruwan, a bar muna tukwanen."